Filin Tambayoyinku: Tebur da layi a kwamfuta, a takarda kuma fayau

Jama'a assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru a wannan fitowar kusan duk a kan tebur ne a Microsoft Word, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya, masu tambayar waya da data ku ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya ƙoƙari. Ni sabuwa ce a harkar taifin, ban daɗe da fara zama a shagon yayana ba. Wani malamin Islamiyya ya kawo min jadawalin jarrabawa a filash in fitar masa, a kwamfuta tebur ɗin da layukansa tsaf kowane gida a ware, amma da na tura firinta sai rubutu kawai ya fito babu layi ko ɗaya, na sake turawa haka dai, har yayana ya ciro tona ya girgiza wai ko ta ƙare ne. Mutumin dai ya tafi ransa a ɓace. Dan Allah firintar ce ko ni ce?
Wata ƙanwarku daga Samaru, Zariya

AMSA: Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, ki kuma ce wa yayanki ya mayar da tonar nan inda ya ciro ta, ba ta yi laifin komai ba. In da tona ce ta ƙare ai rubutun ma a dushe zai fito, firinta ba ta da wayon da za ta buga haruffa ta tsallake layi.

Abin da ke faruwa shi ne layi iri biyu ne a tebur ɗin Word, kuma wuri ɗaya suke zama, ɗaya a kan ɗaya, shi ya sa suke rikita mutane har da waɗanda suka daɗe a sana'ar. Akwai boda, wadda a menu za ki ga an rubuta Borders, ita ce layin gaske, tana cikin takardar, tana da kauri tana da kala, kina iya ninka ta biyu ko ki mai da ta ɗigo-ɗigo, duk inda fayil ɗin ya je da ita zai tafi kuma ita ce firinta take gani. Sai kuma wanda Word ke kira Gridlines, ni dai layin jagora nake ce masa, wannan ba ya cikin takardar sam sam, Word ne kawai yake haska miki shi a sikirin don ki san inda gida ya fara da inda ya ƙare a lokacin da babu boda. Kamar allin tela ne da zare, alli na tela ne shi kaɗai don ya san inda zai bi da keke, mai kaya kuwa in ya zo karɓa ɗinki yake dubawa. To jadawalin malamin nan alli ne kawai a jikinsa ba a ɗinka ba.

Ta yaya za ki bambance su? Ki ɗan ƙara girman shafin ki duba da kyau, layin jagora siriri ne a tsinke-tsinke, mai shuɗi-shuɗi ko toka-toka, boda kuma yawanci baƙa ce a miƙe ba tsinkewa. Amma gaskiya ni ba na son mutum ya dogara da ido, musamman a tsofaffin monita na shaguna da haskensu ya gaji, ga ƙura ga hasken rana yana dukan gilashin. Ki danna Ctrl da P tare, tun daga Word 2010 zuwa yau zai nuna miki hoton takardar a gefen dama kafin ki tura, idan kuma 2007 ne a kwamfutarku ki danna Ctrl da F2. Abin da kika gani a nan shi ne zai fito, layin da babu shi a nan ko sau goma kika tura ba zai fito ba, takarda kawai za ki ƙarar kuma kin san kuɗin rim ɗin takarda yanzu ba wasa ba ne.

Gyaran kuwa bai kai minti ɗaya ba. Ki kai maus kan tebur ɗin, a kusurwar sama ta hagu wani ɗan akwati mai kibiya huɗu zai fito, ki danna shi tebur ɗin gaba ɗaya ya yi hailait, wato an zaɓe shi, sai ki je Home, a rukunin Paragraph akwai wata alama kamar taga mai gida huɗu, ki danna ƴar kibiyar da ke gefenta ki zaɓi All Borders. Shikenan.

Wataƙila ki ce to ya aka yi tun farko tebur ɗin ya rasa boda. Tambaya ce mai kyau, don in kika shiga Insert kika saka sabon tebur da bodarsa yake zuwa, baƙa mai kaurin rabin foyin (foyin shi ne ma'aunin kaurin layi), salon da Word ke kira Table Grid. Ke nan ko dai wanda ya yi aikin ya cire da kansa, ko ya zaɓi ɗaya daga cikin salon ado na Design wanda babu layi a ciki, ko yatsunsa suka haɗa Ctrl da Alt da U wanda shi ne gajeriyar hanyar share boda, ko kuma, wanda na fi zargi, daga Excel aka kwafo jadawalin aka manna. A Excel kowa yana ganin layuka ya ɗauka ai tebur ya haɗu, alhali su ma na jagora ne, in aka kawo su Word sai su zo tsirara.

Ƙarin abu ɗaya tunda jadawalin jarrabawa ne, irin wanda za a yi wa fotokofi a manna a bango a rarraba wa malamai. Rabin foyin siriri ne fa, foyin ɗaya kashi ɗaya ne cikin 72 na inci, ki raba shi biyu ki gani, in ya bi ta injin fotokofi da ya sha aiki sai ki ga layin ya ɓace nan ya fito can. A Borders and Shading, can ƙasan wannan menu ɗin dai, akwai Width, daga kwata har zuwa foyin 6, ki ba shi 1 ya wadatar, kuma kalar ki bar ta baƙa, layi mai ruwan toka yana da kyau a sikirin amma fotokofi ba ta ƙaunarsa.

TAMBAYA: Malam barka da warhaka. Ina ajin ƙarshe ina rubuta furojet, malamin da ke duba ni ya zagaye duk tebur ɗin babi na huɗu da jan biro ya ce in cire layukan tsaye in bar na kwance kawai. Na ga wani abu Eraser na ɗauka na bi layukan ina gogewa, wallahi sai alkaluman suka cakuɗe, na firikwensi da na kaso suka dawo gida ɗaya ɗaya a kan ɗaya. Na riga na yi sebin. Ina mafita?
Ɗalibi daga Kano

AMSA: Ɗan'uwa sannu, wannan magogin ya cuci ɗalibai da yawa. Shi ba fenti yake gogewa ba, katangar da ke tsakanin gida biyu yake rushewa, wato in ka goge layin da ke tsakiya da shi daidai yake da ka yi Merge Cells, gida biyu su zama ɗaya, abin da ke cikinsu ya taru wuri ɗaya. Kai kuma abin da kake so katangar ta tsaya a wurinta, ganinta ne kawai ba ka so a yi a takarda.

In har yanzu ba ka rufe fayil ɗin ba ka yi ta danna Ctrl da Z har tebur ɗin ya koma yadda yake, sebin ba ya hana wannan, rufewa ce take hanawa. In ka riga ka rufe to sai dai Split Cells gida bayan gida kana mayar da alkaluman da hannu, kuma gaskiya in tebur ɗin na da yawa gara ka nemo tsohon kwafin da ka tura wa malamin ko wanda ke filash ɗinka, ya fi sauƙi kuma ya fi aminci, don wajen mayarwa da hannu ne 45 take komawa 54 ba ka sani ba sai ranar difens wani ya haɗa lissafi ya ga bai kai 100 ba.

Abin da malaminka yake nema kuwa ba son ransa ba ne, tsarin rubuta bincike ne da ake kira APA, wanda sassa da yawa a jami'o'inmu suke bi, musamman ɓangaren ilimi da kimiyyar zamantakewa, a tsarin ba a son layin tsaye kuma ba a son a zagaye kowane gida, layi a saman tebur, layi a ƙarƙashin kanun, layi a ƙasa, in akwai jimilla a iya sa mata ɗaya a samanta. Ga yadda za ka yi. Ka yi hailait ɗin tebur ɗin duka ka zaɓi No Border, komai zai ɓace kada ka tsorata, yana nan a hailait ɗin ka koma ka zaɓi Top Border, ka sake komawa ka zaɓi Bottom Border, sannan ka yi hailait ɗin jeren farko kaɗai inda kanun suke ka ba shi Bottom Border. Layi uku ke nan, an gama.

A nan ne layin jagora yake da ranarsa. Da zarar ka cire boda za ka ga alkaluma suna yawo a fili ba ka san ina ne gidan wane ba, sai ka danna cikin tebur ɗin ka je Layout ka kunna View Gridlines, yana can ɓangaren hagu, layukan tsinke-tsinke su fito su nuna maka komai kana aikinka hankali kwance, kuma ba za su fito a takardar da za ka kai wa malam ba. Ka lura dai, daga Word 2016 Layout biyu ne a sama, ɗaya na shafi ɗaya na tebur, na tebur shi ne na can dama wanda ba ya fitowa sai ka danna cikin tebur, a sabbin fitowa ma an rubuta masa Table Layout. In neman ya dame ka, a ƙasan menu ɗin boda na Home ma akwai View Gridlines ɗin.

Wasu kuma dabarar da suke yi ita ce su mai da kalar boda fara wai don ta ɓuya. Tana ɓuya kam a farar takarda, amma ranar da ka zuba wa jeren kanu kala sai ka ga fararen layuka sun tsaga shi, ni ban ga amfanin wannan wahalar ba tunda No Border na nan.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni sakatariya ce a wata makaranta mai zaman kanta. Na yi fom na tura wa shugabar makaranta, a wajena da layuka, ita kuma ta kira ni ta ce ba ta ga layi ba a tata kwamfutar, fayil ɗaya ne fa. Da na je neman gyara na shiga View na danna Gridlines sai shafin gaba ɗaya ya koma kamar littafin lissafi na ƴan firamare.
Daga Gusau

AMSA: Malama duk ku biyun gaskiya kuka faɗa. Kunna layin jagora ba a cikin fayil ake ajiye shi ba, a cikin Word ɗin kwamfutar mutum yake, ke naki a kunne yake shi ya sa duk takardar da kika buɗe mai tebur marar boda za ki gan shi, Hajiya kuma nata a kashe. In kina so kowa ya ga layi to ki sa boda kamar yadda na yi wa ƙanwarmu ta Samaru bayani, in kuma kina so ki tabbatar da abin da za ta gani ki mai da fom ɗin PDF ki buɗe ki duba kafin ki tura, layin jagora ba ya shiga PDF.

Wancan na View kuwa wani abu ne daban da suka yi tarayya a suna, shi na jera zane ne da hotuna da akwatunan rubutu don su daidaita, ba ruwansa da tebur. Ki koma ki cire alamar da kika sa a ɗan akwatin shafinki zai dawo fari, ko da kin manta kin bar shi ma ba ya fitowa a firinta.

TAMBAYA: Malam akwai wani layi da ya fito min a tsakiyar wasiƙa, ba tebur ba ne ba zane ba ne, maus ba ya kama shi, Delete ba ya cire shi, in na goge rubutun kusa da shi sai ya matsa sama. Yarana sun ce bairos ne.
Wani dattijo mai ritaya daga Azare

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya, ba bairos ba ne, kada a karɓi kuɗinku a ce za a yi fomatin. Ina kyautata zaton kun buga alamar jan layi sau uku ko fiye, irin --- ko ___ ko ===, don a yi wurin sa hannu ko a raba magana, sannan kuka danna Enter. Word in ya ga haka sai ya yi karambani ya mai da su boda, ya liƙa ta a ƙasan sakin layin da ke sama. Ke nan boda ba ta tebur kaɗai ba ce, sakin layi ma yana da tasa, shafi ma yana da tasa, irin wadda ake zagaye katin biki da satifiket da ita. Shi ya sa maus ba ya kama layin, ba wani abu ne mai zaman kansa ba, jikin sakin layin ne.

Ku danna a kan rubutun da ke saman layin daidai, ku je Home, wannan alamar mai kama da taga, ku zaɓi No Border. In ya yi tsalle ya koma sama, dalili shi ne sakin layi da yawa a jere sun gaji bodar tun lokacin da ake ta danna Enter, Word kuma yana nuna ta ne a ƙarƙashin na ƙarshensu kawai, kuna cire ta ɗaya ta gaba ta bayyana. Maganinsa ku yi hailait tun daga sama sosai har ku wuce layin sannan ku danna No Border sau ɗaya. Nan gaba in ya sake yi, a take ku danna Ctrl da Z, layin zai koma alamomin da kuka buga. In kuma kuna so ya daina kwata-kwata a sa ɗaya daga cikin yaran ya shiga File, Options, Proofing, AutoCorrect Options, AutoFormat As You Type, ya cire alamar da ke kan Border lines.

Tunda maganar wurin sa hannu ta zo, bari in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya a takardun ofisoshi da na ƙungiyoyi. Za ka ga an rubuta Shugaba a hagu, sannan an danne sifes ba a ɗaga ba har sai an isa dama a rubuta Sakatare, yana da kyau a kwamfutar wanda ya yi, ana kai shi wata kwamfutar mai wani font ɗin daban sai Sakatare ya faɗo ƙasan Shugaba. Tebur mai gida uku a jere ya raba wannan rigimar, a cire masa boda duka, a rubuta Shugaba a gidan hagu Sakatare a na dama a bar na tsakiya fanko, sannan a ba gidan hagu da na dama Top Border, a bar sarari a samansu na sa hannu. Layi biyu za su fito daidai wa daida ba mai karkata, kuma mai karanta takardar ba zai taɓa sanin akwai tebur a wurin ba. Haka ake yin kan takardar ofis mai tambari a gefe ɗaya adireshi a ɗaya gefen, haka ake yin si-bi mai shekaru a hagu makarantu a dama.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, mu nan namu ordinateur da Faransanci yake, sunayen da kuke faɗi ba mu ganin su. Kuma ni matsalata a Excel take, lissafin shago nake fiddawa babu layi.
Ɗan kasuwa daga Maraɗi

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, ina gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Wurin maɓallan ɗaya ne, suna ne kawai ya canza. Home shi ne Accueil, boda ita ce Bordures, All Borders shi ne Toutes les bordures, No Border kuma Aucune bordure, Borders and Shading za ka gan shi Bordure et trame, layin jagora kuwa Afficher le quadrillage.

Excel kuma a nan ya fi Word sauƙin kai, don shi yana yarda a buga layin jagoransa, abin da Word ba ya yi ko an roƙe shi. Ka shiga Mise en page, wanda a na Turanci Page Layout ne, za ka ga Quadrillage da ƙananan akwatuna biyu a ƙarƙashinsa, Afficher da Imprimer, na farko a kunne yake tun asali na biyu a kashe, ka sa alama a Imprimer layukan za su fito a iya inda ka yi rubutu. Kowane shafin lissafi da nasa saitin, in littafin naka yana da shafi na kowane wata sai ka bi su ka kunna, ko ka riƙe Ctrl ka zaɓe su tare ka kunna sau ɗaya, amma ka tabbatar ka sake su kafin ka ci gaba da shigar da lissafi, in ba haka ba abin da ka rubuta a ɗaya zai shiga dukkansu. Layin da zai fito siriri ne, ya isa lissafin da za ka ajiye a shago, in kuma takardar da za ka miƙa wa abokin ciniki ce ko banki to ka yi hailait ɗin lissafin ka sa masa Toutes les bordures, jeren jimilla ka ba shi mai kauri a sama.